Wanda ba shi da ɗaki, a ina zai samo adireshi?

Jiya na raka wata dattijuwa maƙwabciyarmu wani ofishi da aka ce ana rubuta sunayen marasa muhalli a nan Gombe, kuma har yanzu zuciyata tafasa take yi. Goggo muke ce mata duk unguwa. Daga Gwoza ta gudo a 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama garin. Mijinta bai fito ba. Tun daga nan take yawon kango da jikoki: a ba ta gadin ginin da ba a ƙarasa ba, ta toshe tagogi da buhu, ta share ta zauna, ranar da mai shi ya samu kuɗin rufi a ce ta kwashe kayanta. Wanda take ciki yanzu a Tumfure an ba ta zuwa ƙarshen wata.

Muka yi sallama, shiru. Muka sake, sannan ma'aikacin ya amsa a ciki-ciki, idonsa na kan waya. Yaro ne da Goggo ta haifi wanda ya girme shi. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ranka ya daɗe, an ce a nan ake taimakon waɗanda ba su da wurin kwana." Ko kujera bai nuna mata ba, ga benci nan babu kowa a kai. Ya jawo takarda.

"Adireshi?"

Na ce, "Yallaɓai, ai abin da ya kawo mu ke nan, ba ta da gida."

Sai a lokacin ya ɗago. "Kai ne mai maganar ko ita?" Na yi shiru. Ya juya gare ta: "Ke, a ina kike kwana?" Ta ce a kango. Ya ajiye biro ya yi 'yar dariya, ya ce shi ba zai rubuta kango a takardar hukuma ba, ta je ta samo lambar gida da takardar mai unguwa. Sannan ya tambayi takardar shaidar asalin jiha. Ta ce ita 'yar Borno ce. Ya ture takardar gefe da bayan hannu.

"To me kike yi a nan har yanzu? Ba an ce an samu lafiya a garinku ba? Ki koma mana."

Goggo ta ce, a hankali, "Ɗana, gidan an ƙone shi." Ya ce, "Ni ba ɗanki ba ne. Ku ba na baya wuri." Wallahi babu kowa a bayanmu.

Ta koma ina? Ta je ta tsaya a kan toka da marayu? Matar da ta fi shekara goma tana surfe da wankau a garin nan, jikokinta ba su san wani gari ba sai Gombe, yau ita ce baƙuwa? Kuma wane tunani ne ya tsara fom na marasa gida, ya sa lambar gida ta zama sharaɗi?

Ba yaron nan kaɗai nake jin haushi ba, abin da ya tarar manyansa na yi ne. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 16, ya ce hukuma ta tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu matsugunin da ya dace. Ɗan ƙasa aka ce, ba a ce ɗan jiha ba. Amma an ajiye wannan magana a babin da ba ka isa ka kai gwamnati kotu a kansa ba. Tun zamanin Shagari ake gina gidajen da aka ce masu sauƙin kuɗi ne, a je a duba su wa ke ciki. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 daga albashi ake yankar kuɗinsa, to mai wankau wane albashi gare ta? A Ashaka ake yin siminti, cikin jiharmu, amma a 2024 buhu ya haura naira dubu 10. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu gidan haya suka bi sahu: kuɗin shekara a dunƙule, ga na dillali, kuma da sun ga bazawara da yara sai su ce an riga an kama ɗakin.

Abin da aka iya shi ne rabon shinkafa da tabarma a gaban kyamara. A ina za a shimfiɗa tabarmar? Mutum ba ya fita daga wannan hali sai ya samu ɗakin da zai kulle, wanda ba za a tashe shi da tsakar damina ba. Bayan ɗakin a sa ma'aikacin da zai riƙa leƙa shi, ya sa yara a makaranta, ya kai mai ciwo asibiti, ya nema masa ɗan jari har ya iya biyan haya da kansa. Wannan ba ya fin ƙarfin gwamnatin da ke sauya wa manya motoci.

Mu ma jama'ar gari da namu laifin. Daga Tumfure zuwa hanyar Bauchi gidaje nawa ne a kulle, masu su na Abuja, sai ƙadangaru ke kwana a ciki? Muna jin wa'azin zakka da waƙafi kullum, amma masu hali nawa ne suka gina ɗakuna goma suka ce na zawarawa da marayu ne? Waɗanda zaizayar ƙasa ta cinye wa gidaje a bakin kwari su ma suna nan a raɓe a zaurukan 'yan uwa, kuma su 'yan asalin jihar ne, ba a ce sun samu ba.

A cire sharaɗin lambar gida da na asalin jiha daga fom ɗin nan. A fito da sunayen waɗanda aka ba gidajen talakawa, a manna a bango kowa ya karanta. Kuma duk wanda za a zaunar a teburin karɓar masu neman taimako, a fara koya masa amsa sallama.