Wa ya koya mana tsoron gidan nan?

Jiya na sake kammala To Kill a Mockingbird na Harper Lee, littafin da ya fito a 1960. Wannan karon ba shari'ar Tom Robinson, baƙar fatan da aka yi wa ƙazafin fyaɗe, ce ta tsaya mini a rai ba, Boo Radley ne. Bawan Allahn da ya shekara da shekaru bai leƙo ƙofar gida ba a garin Maycomb na jihar Alabama, har yaran unguwa, wato Scout mai ba da labarin da yayanta Jem da abokinsu Dill, suka mai da shi dodo. Wai ɗanyen naman kyanwa yake ci, wai cikin dare yana leƙen tagogin mutane. Amma kullum suna nan suna shawagi a ƙofar gidan, ana zuga juna a ga wa zai iya rugawa ya taɓa bango ya dawo.

Ni abin da na lura, ba yaran ne suka ƙago labarin ba. A bakin manya suka tsince shi, musamman Miss Stephanie, uwar gulmar unguwa. Su dai gishiri kawai suka ƙara.

To shi dodon me yake yi? Kyauta yake ajiye musu a kogon bishiya: cingam, tsofaffin kwabbai, mataccen agogo, da 'yan mutum-mutumi biyu na sabulu, mace da namiji, masu kama da su. Daren da wandon Jem ya maƙale a shinge yana gudun ceton rai, da ya koma ɗaukowa sai ya tarar an ɗinke shi, an ninke, an rataye masa. Ɗinkin ma a karkace, na wanda hannunsa bai saba da allura ba. Wallahi wurin nan sai da na ajiye littafin na yi shiru. Daga baya wan Boo, Nathan, ya toshe kogon da siminti, wai bishiyar ce ke mutuwa. Babba ne dai ya sake shiga tsakani.

A layinmu ma an yi wata tsohuwa mai zaman kaɗaici da ake ce wa mayya. Iyayenmu suka ja mana kunne, ko ƙuli-ƙuli ta miƙo kada mu karɓa, kada ta kama mana kurwa. In ƙwallonmu ta faɗa gidanta, shi ke nan, mun yafe. Amma da safe sai mu tsinci ƙwallon a bakin zaure, an tokare ta da dutse don kada ta gangara kwata. Mu ɗauka mu zura da gudu, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya fito da ita.

Scout ko ba komai ta samu ta riƙe hannun Boo ta raka shi gida, daren da ya cece su daga wuƙar Bob Ewell, mutumin da ya ƙullaci mahaifinsu don ya tsaya wa Tom Robinson a kotu. Tsohuwar layinmu ta rasu ina aji uku na sakandare, ko "ina kwana Iya" ban taɓa ce mata ba.