Takardar da Ke Nuna wa Likita Maganin da Zai Fara da Shi

Sakamakon gwajin ƙwayar cuta yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma wanda bakteriya ta shiga jininsa ba zai iya jira ba. Dole likita ya fara magani kafin ya san ƙwayar da yake yaƙa. A nan Ingila yana da abin dubawa: ƙa'idar asibitinsa, wadda aka gina kan jadawalin da ke nuna kashi nawa na kowace ƙwaya ke jin kowane magani. Bayan awa 48 zuwa 72 a sake duba majinyaci, a rage ƙarfin maganin ko a tsayar. A asibitocinmu na gida kuwa, sau da yawa allurar ceftriaxone, wani maganin kashe bakteriya, ake kamawa, domin shi hannu ya saba da shi.

Mutane kan ce ai bambancin na'urori ne. Ban yarda ba. Gwajin Kirby da Bauer, wanda ake gane maganin da ƙwaya ke ji da shi ta hanyar auna da'irar da maganin ya hana ta tsiro, kuma aka daidaita shi tun 1966, faranti yake bukata da 'yan takardun magani da abin awon milimita. Kula ce ke da wuya. Kaurin abincin ƙwayar da ke farantin, wato Mueller-Hinton, milimita 4 ne. In ya yi kauri, da'irar da magani ya share sai ta tsuke, a rubuta ƙwaya ta bijire alhali tana ji. In ya yi siriri, da'irar ta buɗe, a ba majinyaci maganin da ba zai yi masa aiki ba, wannan kuwa ya fi muni. Ruwan ƙwayar a daidaita shi a ma'aunin yawan ƙwaya na McFarland 0.5, a shafa a farantin cikin minti 15, a dumama a digiri 35 na awa 16 zuwa 20. Takardun imipenem da na Augmentin da danshi ya taɓa ƙarfinsu kan ragu ba tare da ido ya gani ba. Shi ya sa ake gwada su da ƙwayar da aka san halinta, irin su E. coli ATCC 25922.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake ɗaukar samfurinsa. A nan, kafin allurar farko ake ɗibar jini, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba. A gida, tunda majinyaci ke biyan kuɗin gwajin, ba a cika aikawa ba sai magani biyu ko uku sun gaza. Ka ga ke nan ƙwayoyi masu taurin kai kaɗai ke isa ɗakin gwaji. Jadawalin da aka haɗa da su zai nuna kamar komai ya daina aiki, likita ya tsorata ya koma meropenem mai ƙarfi, a ɓata maganin da ya kamata a adana don ranar wuya.

Haɗa jadawalin kansa ba shi da tsada. Manhajar WHONET, wadda ake tattara sakamakon gwajin da ita, kyauta ce. Ƙa'idar CLSI, cibiyar Amurka da ke tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaji, ta ce a fitar da shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kada a ba da kaso kan ƙwayar da samfurinta bai kai 30 ba, kuma samfurin farko na kowane majinyaci kaɗai za a ƙirga, don kada mutum ɗaya da ya kwanta wata guda ya cika lissafin. Ni zan ƙara da cewa a ware ɗakin masu tsananin jinya da masu zuwa su koma gida, a kuma ware fitsari da jini. Ga amfaninsa a aikace: idan fiye da kashi 20 na E. coli ɗin fitsari sun bijire wa Septrin, a daina fara maganin ciwon mafitsara da shi.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne bijirewar bakteriya ta kashe kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Asibitin da ke da rajistar gwaji ta shekara guda yana iya fitar da jadawalinsa na farko daga cikinta, a buga shafi ɗaya a manna a ɗakin taimakon gaggawa, inda ake rubuta allurar farko.