Ruwan ya tsarkaka, to gishirin fa?

Masana'antun da ke mayar da kwal man dizal ko iskar gas suna yawan bugun ƙirji cewa ko ɗigon gurɓataccen ruwa ba ya fita daga harabarsu. Sau da yawa ba ƙarya suka yi ba, sai dai an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Fasahar mayar da kwal man dizal ta daɗe. Franz Fischer da Hans Tropsch ne suka fito da ita a Jamus a 1925, kamfanin Sasol kuma ya shafe shekaru da dama yana aiki da ita a Secunda ta Afirka ta Kudu. Yau ƙasar Sin ce ke gina manyan masana'antun, a Ordos da Ningxia, inda kwal ya wadata amma ruwa ya yi ƙaranci.

Ruwan da ke fitowa daga tukwanen gasa kwal, musamman samfurin Lurgi, duhu gare shi, yana warin kwalta, ɗauke da sinadarai masu guba irin su fenol da amoniya da sayanayid. In aka zuba shi kai tsaye a tankin bakteriyar da ke cinye datti, fenol ɗin zai hallaka su. Dole a fara kwashe kwalta da mai, a janye fenol, a kori amoniya da tururi. Nan babu gardama, tunda ana sayar da su, amoniyar ma taki ake yi da ita. Sai bakteriya su yi nasu, sannan a matsa ruwan ta cikin matata, ruwan da ya tsarkaka ya koma aiki.

Matsalar tana ga abin da matatar ta ƙi, wato ruwan gishiri mai kauri. Dafa shi har ya ƙafe na cin wuta matuƙa, wutar nan kuwa galibi daga kwal take. Abin da ke saura tarin gishiri ne gauraye da dattin sinadarai, babu mai saye, a Sin ma cikin shara mai haɗari ake lissafa shi. Wasu kan bar ruwan a tafkuna rana ta shanye, ran da shimfiɗar ƙasan tafkin ta yage kuwa, rijiyoyin makwabta ne za su ji a jikinsu.

Ana iya raba gishirin, kowane iri daban, har masana'antu su saya, tsada ce kawai ke sa ake ja da baya. A ganina bai kamata hukuma ta ba da lasisi ba sai kamfani ya nuna inda kowane tan na gishirinsa zai tafi, kuɗin hakan kuma a saka shi cikin farashin kowace litar man.