Sojan Amurka ba ɗan sanda ba ne

Da yawa na ɗauka cewa tunda shugaban Amurka ne babban kwamandan askarawa, to yana iya tura sojoji cikin gari su riƙa kama baƙin haure duk ranar da ya ga dama. Abin ba haka yake ba.

Tun 1878 akwai dokar Posse Comitatus, wadda ta hana amfani da sojojin tarayya wajen aikin 'yan sanda a cikin ƙasa, sai in tsarin mulki ko majalisa sun ba da izini. Kamen baƙin haure aikin hukumar shige da fice ta ICE ne, wadda aka kafa a 2003, kuma jami'anta farar hula ne, duk da rigar sulke da bindigar da kake gani a bidiyo.

Akwai ƙofa, ba shakka: dokar murƙushe tawaye ta 1807. Da ita Shugaba Eisenhower ya tura sojoji birnin Little Rock na jihar Arkansas a 1957, suka raka ɗalibai baƙar fata tara har cikin makarantar da gwamnan Arkansas ya tare musu. Shugaba Bush babba ma ya yi amfani da ita a 1992, lokacin tarzomar Los Angeles. A ganina kalmomin wannan doka sun yi faɗi da yawa, shi ya sa lauyoyi ke ta kai-kawo a kanta.

Dakarun National Guard kuwa, wato sojojin ko-ta-kwana na jihohi, muddin suna ƙarƙashin gwamnan jiha, haramcin 1878 bai hau kansu ba. Da zarar shugaba ya mayar da su hannun tarayya, sai ya hau.