An doke su sau 121 a kaka ɗaya, kuma kullum aka tashi lafiya

Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba besbol ba ya hutawa a Amurka. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar MLB, kowacce tana buga wasa 162 kafin ma a shiga zagayen fitar da gwani. Kusan kullum ke nan ana fili. Idan ƙungiya ta je baƙunta, kwana uku ko huɗu take yi a garin, tana karawa da masu gida kowace rana, sannan ta ɗaure kaya ta yi gaba. Gasar Firimiyar Najeriya kuwa ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38 kowacce. Mutanenmu da ke nan Shikago yawancinsu ba sa kallon besbol, sun ce wasa ne na tsaye-tsaye, gara su tashi da sassafe ranar Asabar su kalli Arsenal. Ni ina kallo, kuma kakar 2024 ta sa ni tunanin ƙwallon gida fiye da kowace kaka.

Abin da duniya ta riƙe daga wannan kakar shi ne Shohei Ohtani, ɗan Japan da Dodgers ta Los Angeles ta ɗauka kan dala miliyan 700 na shekara goma. Sau 54 ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, sau 59 ya saci zango (wato ya ruga zango na gaba ba tare da jiran a buga ƙwallo ba), abin da babu wanda ya taɓa haɗa hamsin-hamsin ɗinsa a kaka ɗaya. Dodgers ɗin ce ta ɗauki kofi a ƙarshen Oktoba, ta doke Yankees ta New York ci huɗu da ɗaya a jerin wasannin ƙarshe. Duk wannan an rubuta shi har an gaji. Abin da ya tsaya mini a rai wani lissafi ne daban: Dodgers, wadda ta fi kowa nasara a kakar da wasa 98, an doke ta sau 64. Zakaran gwajin dafin ke nan. A besbol babu canjaras, dole wani ya sha kashi kowace rana, kuma ƙungiyar da ta fi kowa kuɗi da gwanaye ta kwana cikin rashin nasara fiye da sau sittin.

Ni kuma a kudancin Shikago nake, unguwannin ƙungiyar White Sox. Abin da ya same su a 2024 sai dai a ce Allah Ya kyauta. Sun ci wasa 41, aka doke su 121, suka karya tarihin New York Mets na 1962 da aka doke sau 120. Tsakanin Yuli da farkon Agusta sun jera wasa 21 ba su ci ko ɗaya ba. Aka kori kocinsu Pedro Grifol, aka ba Grady Sizemore riƙon ƙwarya, ba ta sake zani ba. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin 2005 ce fa. A cikin wasanni 81 da suka buga a filinsu, gaban 'yan garinsu, baƙi sun zo sun lallasa su sau 58.

Ina shiga jirgin ƙasa mai jan layi in sauka a tashar da ke bakin filin. A watan Agusta kujeru sun fi mutane yawa, kana jin muryar mai tallan gyaɗa daga can wani ɓangare. Akwai wani dattijo baƙar fata da nake yawan samu kusa da inda nake zama, da littafin lissafin wasa a cinya da guntun fensir a bayan kunne. Duk ƙwallon da aka buga sai ya sa mata alama a gidanta, wanda ya fita ya rubuta yadda aka fitar da shi. Ana cin su da ratar da ba ta da magani, amma bai rufe littafin ba sai da mai bugu na ƙarshe ya fita. Na ce masa, "Baba, ba ka gajiya da rubuta wannan baƙin ciki?" Ya gyara gilashinsa ya ce gobe ma akwai wasa. Da aka tashi, 'yan wasan baƙi suka yi layi suna tafawa da juna a tsakiyar fili, alƙalai huɗu suka shige ta ƙofarsu, jama'a suka nufi jirgi, har da masu sanye da rigar baƙin a cikinmu.

Kada a ɗauka magoya bayan ba su ji zafi ba. Sun ji, kuma sun faɗa. Ihu suke yi da babbar murya suna cewa mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, ya sayar da ita, wasu har da kwalaye a hannu. Fushinsu ya tafi kan wanda ya haɗa musu ƙungiya mara ƙarfi. Bai tafi kan alƙalin wasa ba, bai tafi kan motar baƙi ba.

Wanda ya san filayenmu ya san inda na dosa. A gasarmu, cin wasa a waje labari ne da ake kwana ana yi, shan kashi a gida kuwa kamar abin kunya ne da ba a yafewa. Na tashi ina shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma har gobe idan na ji an ce "Sai Masu Gida" tsigar jikina tashi take. Amma na san yadda fili ke canza fuska idan baƙi suka zura ƙwallo ana saura minti goma. Na san yadda alƙali ke fara waige-waige, yadda ƙarin lokaci ke miƙewa, yadda bugun fenariti ke faɗowa daga sama. Ba a Kano kaɗai ba, kusan ko'ina haka ne, kudu da arewa, kowa yana rama abin da aka yi masa a gidan wani. Ƙarshenta sai ka ji an ci ƙungiya tara, an rage mata maki, an kore ta daga filinta zuwa wani gari. A besbol masu gida kaɗan suke haura rabin nasara. Baƙo yana zuwa da niyyar ci, kuma sau da yawa ya ci ya tafi.

Ba wai Amurkawa sun fi mu haƙuri a halitta ba ne. A wannan fili na White Sox, a 2003, wani ɗan kallo ya taɓa dirowa ya cafki alƙali. Bambancin shi ne nan take aka kama shi, aka kai shi kotu, shi da kansa, da sunansa. Sannan tsarin ya rage dalilin rigimar tun daga tushe. Alƙalan ma'aikatan gasa ne, albashinsu daga gasar yake fitowa, babu abin da ya haɗa aljihunsu da masu gida. Tun 2014 koci yana da damar ƙalubalantar hukunci, a duba bidiyo a wata cibiya da ke New York, a tabbatar ko a soke. Kowane wasa yana kan kyamara. Idan koci ya matsa da gardama, alƙali ya nuna masa hanya, ya fita, a ci gaba. Jadawalin baɗi ma tun tsakiyar bana ake fitar da shi, har mutum ya tsara hutunsa a kai. Yawan wasannin kuma yana sanyaya zuciya, don wanda ya san gobe da jibi akwai wasa ba zai ɗauki na yau a matsayin a-mutu-ko-a-yi-rai ba.

Sai dai akwai abin da ba na so a tsarinsu, kuma kakar 2024 ce ta fito da shi fili. Babu faɗawa ajin 'yan dagaji. An doke White Sox sau 121, aka wayi gari suna nan daram a gasar, kuma rabonsu na kuɗin talabijin na ƙasa bai ragu ba. Mai ƙungiya zai iya ƙin kashe kuɗi shekara da shekaru babu abin da zai same shi, sai dai magoya baya su yi ta haɗiyar takaici. Na Oakland ya fi muni. Ƙungiyar Athletics tana garin tun 1968, ta ɗauki kofi huɗu a can, amma ranar 26 ga Satumba 2024 ta buga wasanta na ƙarshe a garin, mai ita ya kwashe ta zuwa Sacramento kafin a gama masa fili a Las Vegas. Mutane sun cika fili suna kuka. A nan kam tsarinmu ya fi adalci. Kano Pillars, mai kofin 2008 da na 2012, 2013 da 2014, ta faɗa ajin ƙasa a 2022. Ya yi ciwo ƙwarai, amma ta koma ta yi gumi ta dawo a 2023, kuma babu attajirin da zai wayi gari ya ce ya mayar da ita Abuja don can ne kuɗi.

Saboda haka ba roƙon mu kwaikwayi Amurka ɗungurungum nake ba. Jikin ɗan ƙwallon ƙafa ma ba zai ɗauki wasa 162 ba. Abin da nake so a ɗauka ƙanƙani ne kuma ba ya bukatar dala miliyan 700: kyamara a kowane wasa, kuɗin alƙali ya fito daga asusun gasa a kan lokaci, wanda ya yi jifa kuma a kama shi da kansa a kai shi gaban kotu, maimakon a rufe wa dubban mutane fili saboda laifin mutum ashirin. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, kuma shugaban ƙungiya ya san shan kashi biyu a gida na iya raba shi da kujerarsa, shi ya sa yake ganin ko ta halin ƙaƙa sai an ci. Gwamnonin da ke riƙe da ƙungiyoyin nan su ne ya kamata su fara gaya wa shugabannin da suka naɗa cewa a ƙarshen kaka za a yi musu hisabi, ba a ƙarshen kowane wasan gida ba.