Wa ya tsara waƙoƙin da muke rerawa a Kano?

A kudancin birnin Shikago na Amurka, inda nake zaune yanzu, da wuya ka sami cocin baƙaƙen fata da ba a san sunan Thomas Dorsey ba. Shi suke kira uban waƙoƙin bishara. An haife shi a jihar Jojiya a 1899, ya rasu a garin nan a 1993. Ɗan mai wa'azi ne, amma da kiɗan duniya ya fara cin abinci, yana kaɗa fiyano a bayan mawaƙiyar nan Ma Rainey. Da ya juyo da wannan salon cikin yabon Allah, manyan coci-coci suka ƙi shi, suka ce kiɗan mashaya ya kwaso musu.

A 1932 yana wajen taron farkaswa a St. Louis aka aiko masa cewa matarsa Nettie ta rasu wajen haihuwa. Jaririn ma bai daɗe ba ya bi ta. Cikin wannan makoki ya tsara waƙar da yake roƙon Ubangiji ya kama hannunsa ya bishe shi. Ita ce Martin Luther King ya nemi a kaɗa masa jim kaɗan kafin a harbe shi a Memphis a 1968, kuma mawaƙiyar bishara Mahalia Jackson ta rera ta a jana'izarsa.

Baiwa kam Allah ya ba shi. Amma ni a ganina abin da ya riƙe sunansa shi ne bai bar waƙoƙinsa a baki kawai ba. Ya buɗe kamfanin buga su da kansa, kowace takarda da sunansa a kai. Shi da wata mawaƙiya mai suna Sallie Martin suka riƙa zaga gari-gari suna sayarwa suna koya wa ƙungiyoyin mawaƙa, har suka kafa babban taron mawaƙan bishara na ƙasa, wanda bai mutu ba har yau. A 2006 gobara ta cinye cocin Pilgrim Baptist inda ya shugabanci mawaƙa shekaru masu yawa, takardu da dama suka ƙone, amma waƙoƙin ba su salwanta ba, domin tuni suna hannun dubban mutane.

To, mu fa a Kano?

A wannan shekara ta 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Tun daga nan, Allah kaɗai ya san yawan waƙoƙin da Kiristoci masu jin Hausa suka tsara. Ban da na Littafin Waƙoƙi, waɗanda akasarinsu juyowa aka yi daga na Turawan mishan, akwai namu na gida da Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci, suka haifa. Wanda ya tashi a Sabon Gari ya san yadda ake yi. Da la'asar iyayenmu mata za su taru a harabar coci, wata da goyo, wata daga kasuwa take ko gida ba ta leƙa ba. A ajiye tulu a kan gammo, a ɗauko ganga da caki. Sai wata dattijuwa ta ce, "'Yan'uwa, Ubangiji ya ba ni sabuwa," ta ba da baiti, sauran su amsa. Inda amshi ya yi nauyi a gyara shi nan take. Kafin magariba waƙa ta zauna. Ranar Lahadi a fito da anko a rera ta, a babban taron zumunta matan wasu garuruwa su ɗauka, shekara na zagayowa ka ji ta a Zariya da Jos da ƙauyukan Maguzawa. Ka tambayi wa ya tsara, a ce maka ai ta zumunta ce.

Na san amsar da ake bayarwa, domin na sha jin ta daga bakin dattawan da nake girmamawa: ɗaukaka ta Allah ce, ba a neman suna da aikin Ubangiji. Tawali'u ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai Zabura da muke karantawa kullum, da yawa a cikinta an rubuta a sama cewa ta Dawuda ce ko ta Asaf, kuma wannan bai rage wa Allah komai ba. A al'adarmu ta Hausa ma, marubutan waƙa sukan faɗi sunansu da shekarar da suka gama a baitocin ƙarshe. Shi ya sa ɗaliban Jami'ar Bayero ke nazarin Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur. Ɗalibin da ya so yin irin wannan a kan mawaƙan bishara na Kano, ta ina zai fara?

Abin da ya fi damuna shi ne jama'ar da ke riƙe da waƙoƙin nan ta warwatse. Bayan rikicin 1991 da na 2004, da hare-haren Janairun 2012, iyalai da yawa sun bar Kano, wasu Kaduna, wasu Abuja, wasu sun koma garuruwan kakanninsu. Masu tsara waƙa na cikinsu, da waɗanda suka san lokacin da aka yi kowace da dalilinta. Ina da tabbacin cewa a cikin waƙoƙin nan akwai waɗanda aka yi su bayan rashin ɗa ko miji, kamar ta Dorsey, muna rera su muna rawa ba mu san hawayen wa ke ciki ba. Matasan ƙungiyar mawaƙan coci na yanzu kuwa sun fi karkata ga abin da suka ji a YouTube, kuma ban ga laifinsu ba, tunda can ne ake samun waƙa da sunan mai ita da kalmominta a rubuce.

Aikin ba na kuɗi mai yawa ba ne. Kowace ikilisiya tana da magatakarda, kusan kowane matashi yana da waya mai ɗaukar murya. A ware wasu su zauna da iyayenmu mata waɗanda suka rage, a ce, "Mama, wannan wa ya kawo ta? A wace shekara? Me ya faru?" A ɗauki muryarsu, a rubuta baitocin, a sa suna a ƙasa, idan ta ƙungiya ce a rubuta sunan ƙungiyar da cocin. A yi kwafi a ajiye a wurare daban-daban, a tura wa 'yan'uwan da suka ƙaura su cike abin da aka manta. Mu da ke ƙasashen waje za mu iya ɗaukar nauyin bugawa, kuma ni a shirye nake in ba da nawa kason.