Bututun mai ya isa teku, hanyar Kusseri tana jira

Daga Doba ta Chadi zuwa Kiribi ta Kamaru a bakin teku kilomita 1,070 ne. Kamfanonin mai sun fara shimfiɗa bututu a wannan tsawon a 2000, a 2003 mai ya fara gudana. Daga Mora zuwa Kusseri a arewacin Kamaru kuwa kilomita 205 ne kacal, amma fiye da shekara goma ana dawainiya da hanyar. Duk direban da ya taɓa kwana a Dabanga da damina, tirela ta kafe a laka, albasa na ruɓewa a baya, ya san abin da nake faɗa.

Gaskiya akwai uzuri. A watan Mayun 2014 'yan Boko Haram suka sace ma'aikata 'yan China goma a Waza, aikin ya tsaya cik. Sai dai uzuri ba ya zuba kwalta.

Yanzu kullum ana ce mana a jira 'yan kasuwa su zuba jari. Ni ban ƙi ba. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982, mai megawat 72, ita ke ɗauke da wutar arewacin Kamaru, kuma idan ruwan Binuwai ya ja baya, Garwa da Marwa duhu ne. Tashoshin hasken rana da kamfanin Scatec ya kafa a Marwa da Gidar sun rage wannan wahala. Can jarin ɗan kasuwa ya yi rana, domin wuta ana sayar da ita, kuɗi na dawowa wata-wata.

Hanya ba haka take ba. Ribarta a warwatse take, tana aljihun mai albasa, da mai auduga, da matar da naƙuda ta kama cikin dare. Babu attajirin da zai bi su ɗaya-ɗaya ya karɓi nasa, don haka ba zai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wannan nauyin gwamnati ne, ko da bashin Bankin Duniya za ta yi shi.

Haka jirgin ƙasa: tun 1974 ya tsaya a Ngaundere. Zancen kai shi Injamena ya daɗe a takarda, kayan Chadi da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala kuma a kan wannan kwaltar da ta gaji suke ƙarasa tafiya. Mu da ke gefen hanya mu ke shan ƙurar, mu ke biyan ƙarin kuɗin mota a kan kowane buhun shinkafa.